Lahadin Gwaggo A'i da Rediyon Turawa

Lahadi kaɗai nake hutawa, kuma kowa a asibitin da nake aikin jinya a Dubai ya san ba a taɓa min ita. Kowa, ban da Gwaggo A'i. Ko shayina ban kai baki ba ta fara jero min kira, ina ɗauka ta ce, "Ke Mahfuza, maza ki zo Al Ras, ki taho da abin nan naki na toshe kunne. Yaron nan zai yi magana a rediyon Ingila."

Gwaggo yayar babana ce. Shagonta yana Kantin Kwari, tana zuwa Dubai saro abaya da jakunkuna da takalma. Yaron nan kuwa Zainul Abideen ne, ɗanta na fari, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta tura shi Ingila karatun likita, ta cika Kano da "ɗana dokta" tun bai gama shekarar farko ba. Kwatsam wata rana ya kira ya ce ya ajiye karatun, ransa ba ya so, ya samu aiki a wani lambun gari yana koyon renon tsirrai. Gwaggo ta ce masa, "Na kai ka ƙasar Turawa ka zama mai ban-ruwa? Kada ka ƙara kirana sai ranar da hankalinka ya dawo." Shi kuma jininta ne, taurin kan iri ɗaya. Ya bi umarnin sak. Shekara biyu da ɗoriya ke nan ba ta ji muryarsa ba.

Na same ta a ɗan ɗakin masaukinta, tana zaga ƙullin kaya kamar mai neman allura, mayafi a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Wane shiri ne, Gwaggo? Ƙarfe nawa?"

"Ina na sani? Ƙanwarsa Nana Firdausi ce ta yi suɓul da baka, ta ce Lahadi, a tashar da Turawan suke ji a gida, wadda ba kiɗa sai surutu. Da na matsa mata sai ta kashe waya, munafukar yarinya."

"To bari in tura masa saƙo in tambaye shi."

"Kika tura ban yafe ba! So kike ya ce na neme shi?" Ta zauna bakin gado, ta sake miƙewa. "Gaisuwarsa zan ji. In ya gaishe ni, yau ɗin nan zan neme shi da kaina, komai ya wuce. In kuwa aka miƙa masa abin magana, duniya tana ji, bai ambace ni ba, shi ke nan. Na san matsayina."

Na san tashar nan, da ita na goge kunnena lokacin da nake shirin jarrabawar Turanci ta aikin jinya. Na ce, "Gwaggo, can ba a gaisuwa. Ba kamar gidajen rediyon Kano ba ne da mutum zai kira a kan maganar taki ya ƙare da gaida dangin uwa da na uba. Su abin da aka tambaye ka kawai za ka faɗa."

"Ke rufe min baki. Rediyo ko a ina rediyo ne. Wane ɗan halak aka taɓa ba wa makirfo bai gaida uwarsa ba?"

"To in ma zai fito, akwai shirin masu lambu, sai can da yamma ake sa shi. Mu je mu yi sayayyarki, in lokaci ya yi mu kunna."

Kallon da ta yi min sai da na ja baya. "Wa ya ce miki a kan lambu ne? Turawa ba su da aikin yi, sai su sa mai ban-ruwa a rediyo? Ya koma karatunsa ne. Likitoci ake sawa. Kunna tun daga farko, ba abin da zai wuce ni."

Kuma ranar ce ta ƙarshe gare ta. Washegari jirginta zai tashi, ga sauran sayayya a Naif, ga kayanta a siton kago na Ɗalhatu can Al Warsan da za ta gani kafin a ɗaure. Haka muka fito, iyafis ɗaya a kunnenta, ɗaya a nawa, waya a hannuna, muna tafe kamar awaki biyu a igiya ɗaya. In ta juya kallon wani shago sai kunnena ya bi ta.

A can gari bai daɗe da wayewa ba. Abin da muka fara ji, wani mutum ne a gona yana hira da mai tumaki, iska tana kaɗa makirfo, tumakin suna kuka. Gwaggo ta ce, "Me yake cewa?" Na ce yana ba da labarin yadda ruwan sama ya lalata musu kofato. Ta ce, "Allah ya kyauta. Wuce." Na ce ba a wucewa, kai tsaye ne. Bayan nan aka sa kukan wani tsuntsu, aka yi bayaninsa kamar wani babban baƙo. Ta tsaya cak a tsakiyar layi, masu turo kura suna yi mana "yalla, yalla," ta ce, "Yanzu tsuntsu ma an ba shi fili, yaron nan ba a ba shi ba?"

Sai wata mata ta zo da murya mai taushi tana neman taimako don wata ƙungiyar makafi. "Au, su ma suna roƙo?" in ji Gwaggo. Wannan ya yi mata daɗi, har ta ɗan yi murmushi.

Muna shagon wani Ba'indiye tana ɗaga jaka tana shinshina fatar, sai ga ƙararrawa da waƙar coci sun cika mana kunne. Ta saki jakar a ƙasa. "Innalillahi! Mahfuza, ba dai can ya shiga ba?" Na ce ibadarsu ce ta Lahadi, duk mako ake sawa, ba ruwan Zainu. Ta cire iyafis ɗin, ta riƙe shi nesa da kunne kamar mai zafi, amma ba ta sake shi ba. "Ke ki ci gaba da ji. In kika ji muryarsa a cikin masu waƙar nan, kada ki ɓoye min." Haka na tsaya a shagon jaka a Naif, da hijabina, ina sauraron huɗubar wani limamin coci daga farko har ƙarshe, Ba'indiye yana kallona yana jiran a taya kayansa.

Duk ɗan Kano da muka gamu da shi kuwa sai ta tsayar da shi. "Yau yaron nan zai yi magana a rediyon Ingila. Ku zo siton Ɗalhatu in kun gama, wataƙila mu ji tare." Ina taka mata ƙafa tana ture ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da take tara wa kanta.

Rana ta take, zafin Deira ya fara fitowa daga ƙasa. Muka fake a wani gidan abinci. Lokacin a rediyon aka shiga wasan kwaikwayon wani ƙauye, wanda suke haɗa na mako guda su sa a jere. Ina tauna shinkafa ina fassara: saniyar wane ba ta da lafiya, wance ta yi fushi an ba maƙwabciyarta aikin toya kek na bikin gari, wani yaro ya ƙi gadon gonar ubansa yana son tafiya birni. Nan Gwaggo ta ajiye cokali. "Uban ya ce me?" Na ce ya fita ya bugo ƙofa. Ta ce, "Daidai ke nan." Can kuma ta ce, "Uwar fa?" Na ce ba a sa uwar ba tukuna. Ta ture farantin, ta ce abincin ba gishiri.

Cajin wayata ya yi ja. Muka fita a guje neman abin caji na tafi-da-gidanka, ta saya ba ta ko taya ba, Gwaggo A'i da take iya ɓata rabin yini a kan kuɗin zip. Azahar ma bi da bi muka yi ta, ɗaya tana salla ɗaya tana gadin rediyo. Da ta idar, tun ba ta naɗe sallaya ba ta ce, "An kira shi?" Na ce a'a, wata tsohuwa ce ake tambaya waɗanne waƙoƙi za ta ɗauka in za a kai ta wani tsibiri ita kaɗai. "Laifin me ta yi?" Na ce ba laifi, wasa ne, ta haka ake jin tarihin mutum. Tsohuwar ta zaɓi wata waƙa ta ce mahaifiyarta ce take rera mata tana wanki. Gwaggo ta buga cinya. "Kin ji ko! Ga ta nan ta ambaci uwarta. Ke kika ce ba a yi." Ta ina zan fara?

A tasi zuwa Al Warsan aka yi shirin abinci, kusan rabin awa a kan burodi. Gwaggo ba ta ƙara cewa in fassara ba. Ta buɗe jaka ta rufe, ta gyara ɗankwali, ta ce wa direba ya rage sanyi, ta ce ya ƙara. Da aka shiga labaran duniya aka sa wani likita yana magana a kan asibitocinsu, ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni. Muryar wani dattijon Bature ce. Ta sake ni a hankali, ta juya tana kallon gine-gine ta taga.

Siton Ɗalhatu mai kago cike yake da diloli har rufi, ƙarar salatif ko ta ina. Ɗalhatu ɗan Fagge ne, bakinsa ba ya hutawa. Ga mamakina mutanen da Gwaggo ta gayyata sun zo, wasu don kayansu, wasu don gulma. Ɗalhatu ya ce, "Hajiya, ai ba a jin dokta a kunne ɗaya," ya jona wayata da sifikarsa, ya ɗora ta kan wani kwali. Aka zazzauna a kan diloli. Gwaggo ko kallon kayanta ba ta yi ba, ta ce a ɗaure kawai.

Bayan la'asar aka shiga shirin masu lambu. Mutane ne a wani zaure suna tambaya, gwanaye suna ba su amsa ana dariya. Wata ta yi ƙorafin furenta ya ƙi toho, wani ya ce ƙwari sun cinye masa kabeji. Gwaggo ta yi tsaki ta ce, "Wannan ba namu ba ne." Sai mai gabatarwa ta ce yanzu za ta fita ta zaga wani lambun gari. Aka ji takun ƙafa a kan tsakuwa, aka ji ƙofa ta buɗe. Sannan wata murya ta yi sallama da Turanci, a nitse, da ɗan kaushin nan na babansa marigayi.

Gwaggo ta miƙe tsaye. Na fara, "Gwaggo, ya ce…" Ta ɗaga min hannu. "Yi min shiru! Kada sunana ya wuce kina surutu."

Na yi shiru. Kowa ya yi shiru, har masu salatif. Zainu yana nuna wa matar abin da ya shuka a cikin ɗakin gilas, yana kiran sunayensu yadda muke kira. Cikin Turancin sai ga rama, ga yakuwa, ga zogale sun faɗo, kowa ya ji su tas. Wani ya tuntsire da dariya. Ɗalhatu ya ce, "Hajiya, ashe dokta ya iya miya!" Ban taɓa jin ina son marin mutum kamar lokacin ba. Gwaggo ba ta ko waiwaya ba. Ta ƙura wa sifikar ido, leɓenta yana motsi.

A duk siton ni kaɗai nake bin maganar dalla-dalla. Matar ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce mahaifiyarsa. Ya ce a tsakar gidansu a Kano tana shuka rama da barkono a fasassun robobi da tsofaffin kwanuka, kuma ba ta yarda a yi ban-ruwa da rana tsaka, in ya yi sai ludayi a ka. Ya ce har yau in rana ta take ba ya iya ɗaukar bokiti, ko da ranar Ingila ce da ba ta ƙona komai. Matar ta yi dariya, ta ce lallai mahaifiyarsa tana alfahari da shi, ta taɓa zuwa ta ga wurin?

Sai shiru. Shiru sosai, har Ɗalhatu ya duba ko waya ce ta mutu.

Can Zainu ya ce ba ta zo ba tukuna. Ya ce amma akwai layin rama guda ɗaya a can ƙarshe da ba ya bari kowa ya tsinka, nata ne. Bara a tsaye ya tsufa, bana ya sake shukawa.

Matar ta yi masa godiya. Aka koma zaure, wani Bature ya fara tambaya a kan dankali.

"Saura gaisuwar," in ji Gwaggo. "A ƙarshe suke yi." Muka zauna har shirin ya ƙare, aka yi tafi, aka karanto sunayen waɗanda suka shirya shi. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da kunne. Sai aka shiga wani wasan kwaikwayo, ƙarar dawaki da keken doki. Mutane suka fara tashi, kowa ya tuna yana da kayan da zai duba. Ɗalhatu ya zare sifikarsa.

Gwaggo ta gyara mayafi. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "To. Lambun ne dai. Kuma ko Umma bai ce ba." Ta fice.

Na bi ta waje. Iska mai zafi tana kaɗa ledoji a bakin titi, manyan motoci suna ta baya da baya. Tana tafiya da sauri, ba ta san inda za ta ba. Na sha gabanta, raina a ɓace, na ce, "Gwaggo, tun safe kike ja na kamar akuya in fassara miki tumaki da burodi. Da aka zo abin da ya kawo mu, sai kika ce in yi shiru. To yanzu ba zan yi shirun ba!"

Ta tsaya. Idonta ya kaɗa ya yi ja. Ba ta kula rashin kunyata ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Me matar nan ta tambaye shi da ya yi shiru haka?"

Ashe ta ji. Wannan ba ya buƙatar Turanci.

Na faɗa mata duka, ban rage ba ban ƙara ba. Robobin, kwanukan, ludayin. Da na zo kan ludayi ta ce, "Ƙarya yake, mara ce ta kwasar tuwo." Na faɗa mata tambayar, na faɗa mata layin ramar da ba a tsinka, wanda ya tsufa a tsaye bara, aka sake shuka shi bana. Na ce, "Bai gaishe ki ba, Gwaggo, don can ba a gaisuwa, na gaya miki tun safe. Amma duk filin da suka ba shi, a kanki ya ƙarar da shi."

Ta zauna a kan wani bulo a gefen titi, da abayarta mai tsada. Ta rufe fuska da mayafi. Ni ma kukan nake, ba zan ɓoye ba, ga haushi ga tausayi. Mun jima a haka, direbobi suna wucewa suna kallonmu.

Can ta share fuska da ƙarfi, ta ce, "Yaya ake yin saƙon muryar nan? Danna min."

Na nemo lambarsa a wayarta. Tana nan, ba ta goge ba, ta rubuta "Wancan". Na danna na miƙa mata. Ta yi gyaran murya, ta miƙe zaune, ta kama wayar da hannu biyu.

"Assalamu alaikum, masu sauraro. Hajiya A'i ce ke magana daga nan Dubai. Tunda rediyonku ba a gaisuwa, ni a namu ana yi. Ina miƙa gaisuwata ga…" Ta tsaya. "Ga Zainul Abideen, mai lambu, a Ingila. Da fatan yana cikin ƙoshin lafiya. Kuma a gaya masa ba a barin rama ta tsufa, asara ce. Ya tsinke ya shanya min a inuwa."

Ta cilla min wayar kamar ta ƙone ta. Na tura kafin ta canza shawara.

Muka tari tasi. Ta ce in riƙe wayar, ta ƙwace, ta kife ta a cinya, ta sake ɗagawa. Alamar ta nuna ya buɗe. Shiru. Ta ce, "Kin gani ko? Ke kika sa ni." Ta ce wa direba ya yi shwaiya, wato ya rage gudu, can kuma ta ce me ya sa yake tafiya kamar mai jin bacci. Mun kusa Deira ana kiran magariba wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, ɗan gajere. Ta kasa dannawa, sai ni na danna.

Numfashi muka fara ji, da ƙarar ruwa yana zuba a wani wuri kusa da shi. Sannan ya ce, "Umma." Ya ja numfashi kamar zai ci gaba, muryar ta karye, saƙon ya ƙare.

Ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta sake dannawa da kanta. Ta sake. Direban ya dube mu ta madubi, ya ga mata biyu suna sharar hawaye, ya tambaya ko ya kunna mana rediyo.

Gwaggo ba ta cire wayar daga kunne ba. Ta ce, "Ce masa khalas, mun ji namu."